Damuwa, Addu'a da Asibiti: Tambayoyin da Matan Jos Suka Fi Yi Mini

Na yi shekaru ina aikin jinya kafin in ajiye, yanzu ina koyarwa a wata Islamiyyar matan aure a nan cikin garin Jos. Sau da yawa in an tashi karatu sai in ga mace ɗaya ta ƙi fita. Tana ta gyaran jaka, tana naɗe dadduma, har ajin ya watse, sannan ta matso ta ce, "Malama, ina da 'yar magana." Ban taɓa jin maganar ta zo 'yar ƙarama ba. Na tattara tambayoyin da aka fi maimaita mini, na cire duk abin da zai sa a gane mai tambaya, domin na san akwai waɗanda har yau kunya ba ta bar su sun tsaya ba.

Ina sallah, ina azkar, amma ƙunci ya ƙi barina. Imanina ne ya yi rauni?

A'a, 'yar'uwa. Na ga matan da wannan zargi ya fi karya su fiye da ciwon kansa, shi ya sa na fara da shi.

Ki buɗe Suratu Yusuf, aya ta 84. Annabi Yakubu (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari. Da 'ya'yansa suka ce zai halaka kansa da tunanin Yusuf, sai ya ce musu shi ga Allah yake kai kukansa da baƙin cikinsa. Annabi ne, ɗan annabi, jikan annabi, kuma daga bakinsa muka ji "haƙuri mai kyau". Ashe haƙuri da hawaye suna zama a ƙirji ɗaya. Manzon Allah (SAW) ya rasa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib a shekara ɗaya, ta goma bayan aiko shi, har malaman tarihi suka sa mata suna shekarar baƙin ciki. Ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu ya zubar da hawaye, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi.

Akan kawo mini ayar Suratur Ra'ad, cewa da ambaton Allah zukata ke natsuwa. Gaskiya ce tsantsa, ni ma da ita nake kwana nake tashi. To amma mai hawan jini ma tana ambaton Allah, tana kuma haɗiyar ƙwayarta kowace safiya, ba wanda ya ce imaninta da sauƙi. Ƙwaƙwalwa halitta ce a cikin jiki kamar ƙoda da hanta, tana gajiya, tana ciwo, tana kuma warkewa.

Yaya zan bambance ɓacin rai na yau da kullum da ciwon damuwa?

Ki duba tsawonsa, ki duba abin da ya hana ki. Ɓacin rai yana da dalili, yana kuma sassautawa. Yau an ɓata miki, gobe ƙawarki ta zo kun yi hira, kin yi dariya. Ciwon damuwa kuwa yakan kai mako biyu ko fiye, kusan kullum, kusan duk wuni. Abin da da kike so ya fita daga ranki. Barci ya ƙaurace, ko ki farka tun ƙarfe uku na dare ki kasa komawa. Abinci ba ɗanɗano. Ki ɗora tukunya ki manta, ki yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, sannan ki shige ɗaki kina kuka kina ganin ke ba uwar kirki ba ce.

Matanmu ba kasafai suke cewa "ina cikin damuwa" ba. Abin da nake ji shi ne "kaina yana zafi", "wani abu yana bina a jiki", "gabana yana faɗuwa", "olsata ta tashi". Wata ta sha maganin maleriya da taifot har sau huɗu a kemis kafin a gane inda ciwon yake. Akwai kuma akasin haka: ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo suna kawo kasala da faɗuwar gaba, don haka gwajin jini yana da amfani.

Kada ki ɗauka Turawa ne suka zo da wannan bambanci. Abu Zaid al-Balkhi, malamin Musulunci da ya rasu a shekarar 934 miladiyya, ya rubuta cewa akwai baƙin cikin da aka san dalilinsa, akwai kuma wanda yake sauko wa mutum haka kawai, wanda sai an haɗa da maganin jiki.

A gida an ce iska ce, wasu sun ce sammun kishiya ne. Ruƙiyya zan yi ko asibiti zan je?

Ki yi duka biyun, kuma kada ki jinkirta ɗaya don jiran ɗaya. Aljanu gaskiya ne, sihiri da kambun baka gaskiya ne, Alƙur'ani da hadisi sun tabbatar. Shi kuma Annabin da ya koya mana ruƙiyya, shi ne ya ce ku nemi magani ya ku bayin Allah, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta.

Ruƙiyyar sunna ba ta da wuya. Fatiha, Ayatul Kursiyyu, Ƙulhuwallahu, Falaƙi da Nasi, ki tofa a tafin hannu ki shafa a jikinki, kamar yadda Nana Aisha ta ruwaito Annabi (SAW) yana yi da surori ukun ƙarshe in zai kwanta. Ke da kanki za ki iya, mijinki ko mahaifiyarki ma za su iya yi miki.

Abin da nake roƙon ki ki guje shi ne wurin da za a dake ki da sunan dukan aljani, ko a turnuƙe ki da hayaƙi har numfashi ya sarƙe, ko namiji ya ce sai ya keɓe da ke, ko a ce ki zubar da maganin asibiti, ko a nuna miki wata a ce ita ta yi miki. Wannan na ƙarshen ya raba zumuncin da ba zai ƙirgu ba. Na taɓa wanke bayan wata yarinya da aka kawo mana, shekarunta ba su wuce sha tara ba, duk shatar bulala, ga sawun igiya a wuyan hannu. Farfaɗiya ce da ita, wadda ƙwaya ke kwantar da ita. Mahaifiyarta tana tsaye a bakin gado tana ta cewa, "Wallahi taimakonta muke nema." Na kuma yarda da ita, ba wanda ya taɓa nuna mata wata hanya.

Mun ji abin da aka gano a Rigasa ta Kaduna a watan Satumbar 2019, inda 'yan sanda suka fitar da mutane kusan 300 daga wani gida, da yawansu da mari a ƙafa. A watan Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi haƙƙin mai jinya na a mutunta shi. Addininmu ya riga dokar hana zalunci.

Na haihu lafiya, kowa yana murna, ni kuwa kuka nake. Butulci ne?

Ba butulci ba ne. Mata da yawa sukan shiga wani yanayi kwana biyu ko uku bayan haihuwa, kuka ba dalili, saurin fushi, fargaba. Sinadaran jiki ne suka sauya lokaci ɗaya, ga gajiya, ga rashin barci. Wannan yakan wuce da kansa cikin mako biyu. In ya zarce haka, ko ya yi nauyi har kina jin ba kya son ɗaukar jaririn, ko kina ganin ya fi dacewa da wata uwar, to ciwon damuwar bayan haihuwa ne, kuma yana da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana fama da matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa. Ki ƙirga masu jegon layinku, ki ga ko ke kaɗai ce.

Duk sanda mai jego ta yi mini wannan tambaya nakan karanta mata aya ta 23 a Suratu Maryam. Naƙuda ta kai Nana Maryam gindin dabino, ita kaɗai, ta ce ina ma ta mutu kafin wannan, ta zama abin da aka manta. Me aka amsa mata? An ce kada ki yi baƙin ciki, ga ruwa a ƙarƙashinki, girgiza dabino ya zubo miki, ki ci, ki sha, ki kwantar da hankali. Ba a yi mata faɗa ba. An lallashe ta, an ba ta abinci da ruwa. Mu ma da haka ya kamata mu fara.

Al'adarmu ta jego tana da alheri babba, zaman gida wajen uwa, kunu, kwana arba'in ana hidima da mace. Sai dai mun fi kula da tukunyar ruwan wanka fiye da fuskar mai wankan. Ana tashinta da asuba cikin sanyin Jos, baƙi suna ta shigowa barka har dare, kowa jaririn yake leƙawa. A samu mutum ɗaya da zai riƙe jaririn awa huɗu ta yi barci.

Akwai kuma wanda ba ya jira. In mai jego ta kwana biyu ko uku ba ta runtsa ba, tana surutai marasa kan gado, tana jin muryoyi, ko tana cewa jaririn ba nata ba ne, a kai ta asibiti a ranar, kada kuma a bar ta ita kaɗai da shi. Yana samun mace ɗaya ko biyu cikin dubu, kuma in an yi hanzari ana warkewa.

Ina maimaita alwala sau goma, munanan tunani game da Allah suna faɗo mini a sallah. Na kafirta?

Ba ki kafirta ba. Sahabbai sun je wa Annabi (SAW) da irin wannan, suka ce muna jin abin da ya yi mana girma mu furta. Ya ce wannan shi ne tsantsar imani, Muslim ne ya ruwaito. Ƙyamar da kike yi wa tunanin ita ce shaidarki. A cikin Ahalari da muke karantawa tun muna yara ma an ce mai waswasi ya watsar da waswasin, kada ya koma ya kawo abin da yake kokwanto a kai. Ki yi alwala sau ɗaya ki tashi, ko da zuciyarki tana ce miki ba ta yi ba. Kwanakin farko za ki ji kamar ƙirjinki zai fashe, daga baya yana laushi. In kuwa abin yana cin awanni a wuninki, hannunki ya tsattsage da wanki, sallah tana fita lokaci kina banɗaki, to ya zama ciwon da likitoci suka sani, suna kuma da magani da horon da ke taimakawa.

Tun rikicin garin nan, ƙarar taya ma in ta fashe sai jikina ya hau rawa. Shekaru sun wuce, me ya sa ban manta ba?

Duk wanda ya zauna a Jos ya san wannan. Satumbar 2001, Nuwambar 2008, Janairun 2010, bom ɗin Taminus a Mayun 2014, da na masallacin 'Yan Taya cikin azumin 2015. Akwai matan da suka gudu da goyo ba takalmi, akwai waɗanda har yau ba su ga gawar nasu ba. Ciwon bai tambayi addinin kowa ba, na yi jinyar Musulmi da Kirista masu mafarki iri ɗaya.

Jikin da ya ga mutuwa ƙuru-ƙuru yakan ci gaba da zama cikin shiri, kamar mai gadin da ba a gaya masa gari ya waye ba. Daga nan ne mugun mafarki yake zuwa, da firgita, da ƙin bi ta wata unguwa, da bugun zuciya in an ji hayaniya ranar Juma'a. Kin yarda da ƙaddara, jikinki ne bai huce ba. In firgicin ya taso, ki zauna, ki taka ƙasa da tafin ƙafa, ki ja numfashi ta hanci a hankali, ki sake shi a hankali fiye da yadda kika ja, kina "Hasbunallahu wa ni'imal wakil". Yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti goma sannan ya fara sauka. Don warkewa mai ɗorewa kuwa, akwai ƙwararrun da aikinsu ke nan, zama da mutum a warware abin daki-daki.

In na faɗa wa likita abin da ke faruwa a gidana, ban tona asirin aure ba? In kuma namiji ne fa?

An raine mu da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma rufin asiri abu ne mai kyau. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Hindu 'yar Utba ta je gaban Annabi (SAW) ta ce mijinta Abu Sufyan marowaci ne, bai ce ta yi giba ba, ya ba ta mafita. Khaula 'yar Sa'alaba ta kai ƙarar mijinta, Allah ya saukar da farkon Suratul Mujadala yana cewa ya ji maganarta. Malamai sun halatta faɗin aibin mutum wajen neman fatawa da neman a cire zalunci. Bambancin yana ga wanda kika gaya wa. Likita amana ce a wuyansa ya riƙe sirrinki, zauren WhatsApp kuwa ba ya riƙe komai.

Kina da damar neman mace ta duba ki. In babu, ki shiga da 'yar'uwarki ko ki ce ma'aikaciyar jinya ta zauna. In kuma akwai duka a gidan, kada ki tsaya ga shan magani, ki sanar da waliyyanki, domin ƙwaya ba ta warkar da ciwon da ake sabunta shi kullum.

An ce maganin ƙwaƙwalwa in an fara ba a dainawa. Ya kuma zan yi da azumi?

Magungunan ciwon damuwa irin su fluoxetine da amitriptyline ba sa sa maye, ba sa kuma sa mutum ya riƙa ƙwaɗayinsu. Sukan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ji daɗinsu, a nan ne da yawa suke karaya su watsar. Bayan an samu sauƙi akan ci gaba aƙalla wata shida, sannan likita ya rage a hankali. Kada ki yanke rana ɗaya. In kina da ciki ko kina shayarwa ki faɗa tun farko, akwai waɗanda suka dace da ke.

Waɗanda suke kama mutum su ne waɗanda ake saya a ɓoye don a samu barci ko a manta da kishiya: diazepam, taramol, da maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana a 2018. Na san matan aure masu mutunci da suka faɗa wannan rami daga "bari in ɗan sha in huta". In kina ciki, ki zo a taimake ki, ba zagi za ki tarar ba.

Azumi kuwa, ki ga likita tun cikin Sha'aban. Yawancin maganin sau ɗaya ake sha, ana iya mai da shi bayan buɗa-baki ko sahur. Wasu, kamar lithium, ba sa son jiki ya bushe da ƙishirwa. In likita ya ce ki sha, Allah ya riga ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, ki rama daga baya.

Ina zan je a nan Jos?

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, wato JUTH, yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa. Kina iya farawa da asibitin da kika saba zuwa, ko wajen awo, ki yanki kati ki faɗi abin da kike ji ba ragi, a tura ki inda ya dace. A Barnawa ta Kaduna ma akwai asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya. Ki tafi da duk maganin da kike sha, har na gargajiya. In kuɗi ne matsala, ki gaya wa likita ya rubuta mai sauƙin farashi, ki kuma tambayi ofishin walwalar marasa lafiya. Ku kuma masu fitar da zakka da shugabannin ƙungiyoyin mata, kuɗin maganin irin waɗannan bayin Allah yana cikin abin da ya kamata ku riƙa tunawa.

In ina fashin sallah nakan ji na yi nisa da Allah, damuwar ta ƙaru. Me zan riƙe?

Sallah da azumi aka ɗauke miki, ba a rufe miki ƙofar zikiri da addu'a ba. Ki riƙe azkar ɗin safe da yamma, da addu'ar da Annabi (SAW) yake yawaitawa, "Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan". Ki fito tsakar gida rana ta taɓa ki, ki taka zuwa gidan maƙwabciya. Nana Aisha takan sa a dama wa masu makoki talbina, kunun garin sha'ir da ake sa wa madara ko zuma, ta ce ta ji Annabi yana cewa tana sanyaya zuciyar mara lafiya, tana tafiyar da wani ɓangare na baƙin ciki. Masu takaba ma, da za su yi wata huɗu da kwana goma a gida, a riƙa kai musu irin wannan, a kuma zauna a sha tare.

Wani lokaci ina jin gara in mutu.

Na gode da kika faɗa. Ciwon ne ya kai maƙura, kuma irin wannan tunani yakan ja baya in aka samu taimako. Ki gaya wa mutum ɗaya da kika yarda da shi yau, ba gobe ba. Ki ce a kwashe fiya-fiya da maganin ɓera da tarin ƙwayoyi daga ɗakin. Kada ki kwana ke kaɗai. In kin ji abin yana rinjayarki, a kai ki sashen gaggawa na asibiti mafi kusa ko da tsakar dare ne, ko a kira 112. Ke kuma da aka gaya wa, kada ki fara da wa'azin wuta, ta riga ta sani, tsoronsa ma yana cikin abin da ke cinta. Ki riƙe hannunta, ki tsayar da Keke, ku tafi tare.

Ni miji ne. Matata ta sauya, na ce ta yi haƙuri har na gaji. Me ya rage?

Malam, Allah ya saka da alheri da ka tambaya. Ka ajiye waya, ka zauna kusa da ita, ka ce, "Gaya mini abin da kike ji," sannan ka yi shiru har ta gama, ko da ta ɗauki rabin awa tana kuka kafin kalma ta fito. Kada ka lissafa mata abin da ka saya mata, kada ka kwatanta ta da abokiyar zamanta. In ta kasa girki, ciwo ne ya hana ta, ka nemo wadda za ta kama mata na ɗan lokaci. Ka yi wa Hajiya bayani da kanka cikin ladabi, don kada a ce raini ne ko son jiki. Ranar asibiti ka raka ta, ka shiga in ta yarda, ka jira a waje in ta fi son haka. Ka riƙe ranar komawa a kanka, domin mai wannan ciwo tana yawan mantuwa. Da daddare kuma ka karanta Falaƙi da Nasi ka tofa mata, ka miƙo mata ruwa ta haɗiyi maganinta.